Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Shawarwari 25 Ga Malamin Sa-kai Da Zai Sauka Gambiya

Tun shekarar 1987 Najeriya take tura ƙwararrunta zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik a ƙarƙashin shirin nan na TAC, su yi aikin sa-kai na shekara biyu su dawo gida. Akwai likitoci da injiniyoyi da masana shari'a a cikinsu, akwai kuma malaman makaranta da yawa, kuma Gambiya na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓarsu. Ni ma can rabo ya kai ni da allina a hannu.

Darasi ɗaya na fi riƙewa daga wannan tafiya. Abin da idonka ya gani a kwanakin farko gaskiya ne, amma fassarar da zuciyarka za ta yi masa sau da yawa ba daidai ba ce, domin gajiya da kewar gida da rashin jin harshe ne suke yi maka tafinta a lokacin. Saboda haka ka ba kanka kwana 40 kana kallo, kana tambaya, kana gaisuwa, kafin ka yanke wa gari hukunci. Ga abubuwan da na jarraba na ga amfaninsu, kusan duk ba sa cin kuɗi. Malam da malama duka nake yi wa magana, har da mutanen gida da za a bari a baya.

KAFIN A ƊAURE KAYA

1. Yi wa kowace takarda kwafi uku.
Fasfo, takardun shaidar karatu, wasiƙar turawa da katin rigakafin cutar shawara, kowanne ka ajiye kwafi ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati, ɗaya a wurin iyali, sannan ka ɗauki hotonsu a waya. Gambiya tana cikin ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ba ya neman biza kafin ya shiga, amma zaman shekara biyu yana buƙatar takardar izinin zama. Tafi da ƙananan hotunan fasfo kamar goma, za a yi ta tambayarka su.

2. Karɓi izinin wurin aikinka a rubuce.
Maganar baki tana tashi tare da wanda ya yi ta, kuma cikin shekara biyu shugaba kan canza. Wasiƙa ɗaya mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, ita ce za ta tsare maka kujerarka da ƙarin girmanka.

3. Riƙe guzurin wata biyu a hannu.
Tsakanin ranar sauka da ranar da kuɗin farko zai shigo akwai tazarar cike takardu da buɗe asusu, ciki kuwa ba ya jiran sa hannu. Kuɗin ƙasar dalasi ne, butut 100 ke yin dalasi ɗaya, kuma dala ko yuro ko sefa sun fi naira sauƙin canji a can. Canja kaɗan a filin jirgi don abin mota da ruwa, sauran ka bari sai ka shiga gari ka kwatanta farashi a banki ko shagon canji mai rajista.

4. Kada ka cika akwati da kayan miya.
Daddawa tana nan a kasuwa da sunan netetu, zoɓo shi ne wonjo, kuɓewa da gyaɗa da gero da manja kuwa ko'ina. Ka dai kula, abin da 'yan ƙabilar Wolof suke kira lalo garin kuka ne, ba lalon da ka sani a gida ba. Abin da ya cancanci wuri a jakarka shi ne yajin da aka daka maka a gida, domin shi ne zai gyara maka baki a daren da kewa ta taso.

5. Ɗauki kayan koyarwa kaɗan masu amfani.
Gambiya tana cikin ƙasashe biyar na hukumar WAEC tare da Najeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya, ɗalibanta ma jarrabawar WASSCE suke rubutawa a ƙarshen sakandare. Don haka tsofaffin tambayoyin jarrabawa da littafi ɗaya ko biyu da ka saba koyarwa da su za su yi maka aiki tun ranar farko. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga ba tare da ka sayi komai ba.

6. Gidan sauro ya riga takalmi shiga jaka.
Damina tana farawa wajen watan Yuni ta kai Oktoba, sauro kuma yana yawa, musamman a garuruwan bakin kogi. Tafi da gidan sauro mai magani, gishirin zawo, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai tare da takardarsa. Da zazzaɓi ya taɓa ka je a gwada jini, kada ka tsaya cewa canjin ruwa ne.

RANAR SAUKA DA MAKON FARKO

7. San wanda zai tarbe ka tun kafin jirgi ya tashi.
Filin jirgin yana Yundum ne, fiye da kilomita 20 daga Banjul, ita kuwa Banjul ɗin ƙaramin birni ce a kan tsibiri a bakin kogi, yawancin jama'a suna Serekunda da Brikama da kewayensu. Rubuta lambar mai tarbarka da ta ofishin jakadancin Najeriya a takarda, saboda waya kan mutu a lokacin da aka fi buƙatarta. Kafin ka yi rajistar layin Africell ko QCell da fasfonka, tambayi wanda ya fi ƙarfi a garin da aka tura ka.

8. Mayar da agogonka baya da awa ɗaya.
Idan ƙarfe takwas ta yi a Kano, bakwai ce a Banjul. Kuma da yake ƙasar tana can ƙuryar yamma, gari ba ya wayewa da wuri, azahar kan kai wajen ƙarfe biyu, magariba kuma wajen bakwai. Bi kiran sallar masallacin unguwa har jikinka ya saba, ta nan ma za ka fara sanin maƙwabta.

9. Duba masaukinka da rana tsaka.
Gwada famfo, makulli, tagogi da rufin ɗaki tun mai gidan yana tsaye, ka rubuta abin da ya lalace ku sa hannu tare. Wutar lantarki ta kati ce, suna kiranta Cash Power, don haka ka nemi lambar mita da wurin saye a ranar farko. Bokiti mai murfi, tocila da sabon kwaɗo su ne sayayyarka ta farko, sauran kayan ɗaki su jira sai ka ga yadda zama ya kasance.

10. Koyi launin mota kafin ka tsayar da ita.
Tasi mai launin kore ta 'yan yawon buɗe ido ce, kuɗinta da yawa. Mai ruwan ɗorawa ita ce ta kowa da kowa, ana haɗa fasinja a biya kaɗan, sai fa in ka ɗauki shata. Ƙananan bas da ake kira gele-gele su ne masu shiga ƙauyuka. Idan an tura ka arewacin kogi, ko dai ka hau jirgin fito daga Banjul zuwa Barra, ko ka bi gadar Senegambiya da aka buɗe kusa da Farafenni a 2019, kuma ko wanne ka zaɓa ka yi sammako.

11. Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani.
Kowane dare layi biyar ya isa: abin da ya burge ka, abin da ya ɗaure maka kai, kalmar da ka koya, da farashin abin da ka saya. Nan ne wurin zuba ƙorafi, ba Facebook ko WhatsApp ba, domin ƙasa ce ƙarama mai mutane ƙasa da miliyan uku, magana ba ta daɗewa ta zagayo wurin mai ita. Littafi yana riƙe sirri, kuma yana ba ka damar canza ra'ayi ba tare da ka nemi gafarar kowa ba.

ZAMA DA MUTANE

12. Kai wa mai gari goro.
Kowane ƙauye yana da alkalo, wato mai gari, sama da shi kuma akwai seyfo, kamar hakimi a wurinmu. Nemi shugaban makaranta ko wani dattijo ya raka ka wurin alkalo da liman da ɗan ƙunshin goro, abin da 'yan ƙabilar Mandinka suke kira silafando, wato tsarabar matafiyi. Kuɗin goron bai taka kara ya karya ba, amma daga ranar an san kana da uba a garin.

13. Haddace gaisuwa uku kafin mako ya ƙare.
Sallama tana shiga ko'ina, amma ka ƙara da abin da ake amsawa idan an tambayi lafiya: Mandinka su ce kayira dorong, Wolof su ce jam rek, Fulani su ce jam tan, duk dai lafiya lau ke nan. Godiya kuma abaraka ce, ko jerejef, ko jarama. Gaisuwarsu doguwa ce kamar tamu, a tambayi gida da yara da gajiya, don haka kada ka yanke ta don kana saurin shiga aji; fito da wuri ya fi.

14. In an raɗa maka suna, ka amsa.
Al'adarsu ce su ba baƙo sunan gari da sunan dangi, kuma sunan dangin nan ake maimaitawa a gaisuwa don girmamawa. Daga nan za ka ji wani ya tsokane ka da cewa ku ne masu cin abinci da yawa, ko kai bawansa ne. Kada ranka ya ɓaci, wasan taubasai ne irin na Fulani da Barebari, su ma suna yin sa tsakanin dangi da dangi, da tsakanin ƙabilu kamar Serer da Jola, kuma alama ce ta an karɓe ka.

15. Ci daga gabanka idan an zauna a kwano ɗaya.
Ana zuba shinkafa a babban faranti a kewaye shi, kifi ko nama da kayan lambu a tsakiya, uwar gida ko babba a wurin ya riƙa gutsurowa yana tura wa kowa. Wanke hannu, ka ci da dama, ka bar tsakiya ga mai rabo. Domoda miyar gyaɗa ce, superkanja miyar kuɓewa da manja, benachin kuwa dafa-duka, kusan duk dangin abincin gida ne, sai dai kifi ya fi nama yawa.

16. Zauna a sha attaya ko sau ɗaya a mako.
Shayi ne mai ƙarfi a ƙananan kofuna, zagaye uku irin na Buzaye: na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku da zaƙi, kuma yakan ci awa guda ko fiye. A wannan zaman, a ƙarƙashin bishiya ko a bantaba, wato dandalin gari, za ka ji abin da ba a faɗa a taron malamai. Wata rana kai ma ka sayo ganyen shayi da sukari ka ajiye, ka ga yadda za a buɗe maka fuska.

17. Yi abokin ciniki ɗaya a unguwa.
Ƙaramin kantin unguwa shi ne bitik, a nan za ka sami burodin tapalapa da safe, da sukari, sabulu da katin waya. Riƙe kanti ɗaya da mai kayan miya ɗaya, kana biya a kan lokaci, su ne za su gaya maka farashin gaskiya, su kuma tambaye ka in kwana biyu ba su gan ka ba. Riƙa fita da jakar yadi ko kwando, domin an hana amfani da leda a ƙasar tun 2015.

18. Rage faɗin "mu a Najeriya".
Sun san Najeriya babba ce, suna kallon finafinanmu, sun kuma daɗe suna zama da malamanmu da alƙalanmu. Abin da ba su sani ba shi ne ko kai mai girmama mutane ne, wannan kuwa kai kaɗai za ka nuna. Har musun shinkafar jolof ka bar musu, domin sunan ma daga daular Jolof ta yankinsu ya samo asali. Yaba girkin, ka nemi a koya maka.

19. Malama, nemi uwa a garin tun da wuri.
Wata dattijuwa a gidan da kike ko a cikin malamai ita ce za ta nuna miki tela, mai kitso, asibitin da mata suka fi zuwa, da gidan da ya kamata ki leƙa barka ko ta'aziyya. Suturarki ta gida, zani da mayafi, ta dace da ko'ina, domin mafi yawan jama'ar Musulmi ne masu kunya irin tamu. In an gayyace ki suna, ki je ko da sabulu guda biyu ne a hannu, daga ranar kin zama 'yar gida.

A MAKARANTA

20. Zauna a bayan aji kafin ka tsaya a gabansa.
Roƙi shugaban makaranta ya ba ka kwana biyu ko uku kana kallon yadda malaman wurin suke koyarwa, yadda suke kiran suna, da yadda ɗalibai suke amsawa. Tsarinsu shekara shida ne, sai uku, sai uku: a aji 9 ake rubuta jarrabawar GABECE, aji 10 zuwa 12 kuma su ne daidai da SS1 zuwa SS3 namu. Wasu makarantun suna da zaman safe da na yamma, don haka ka kwafi jadawalinka da hannunka ka manna a bangon ɗaki.

21. Yi magana a hankali, ka rubuta a allo.
Turanci ne harshen koyarwa, amma a gida yaran Mandinka ko Wolof ko Fulatanci ko Jola ko Sarahule suke yi, kuma kunnensu bai saba da karin harshenka ba, kamar yadda naka bai saba da nasu ba. Shirun da za ka gani a makon farko sau da yawa na rashin sabo ne da ladabi, ba na rashin ƙwaƙwalwa ba. Rubuta kowace muhimmiyar kalma a allo, ka sa su yi aiki bibbiyu, ka ga yadda baki zai buɗe.

22. San sunayen ɗalibanka, ka ajiye bulala.
A aji ɗaya za ka iya samun Lamin huɗu da Fatou biyar, domin a al'adar Mandinka waɗannan ne sunayen ɗan fari da 'yar fari, don haka ka haɗa da sunan dangi, ka kuma tambayi yadda ake furta shi: Ceesay, alal misali, Sise ake cewa. Zana taswirar kujeru ka rubuta sunan kowa a gurbinsa. Batun horo kuwa, tambayi ƙa'idar makaranta ka bi ta sau da ƙafa, domin hannun baƙo ya fi na ɗan gari nauyi a idon iyaye.

23. Gaida maigadi da mai shara kamar yadda kake gaida shugaba.
Su ne suka san inda makullin ɗakin gwaje-gwaje yake, da ranar da ruwa ke zuwa, da yaron da bai karya kumallo ba. Sannan ka zaɓi abokin aiki ɗaya mai natsuwa da za ka riƙa tambaya a keɓe, tunda matambayi ba ya ɓata. In ka ga abin gyara, riƙe shi sai zango na biyu, ka kawo shi a matsayin shawarar da za ku yi tare, sai ya zauna ko bayan ka tafi.

GA MUTANEN GIDA

24. Ku zauna ku yi lissafi kafin ranar tafiya.
A rubuta kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, haya da na asibiti, a san ranar da za a riƙa turowa da wanda zai karɓa. A sayi hatsi da mai na wata biyu a ajiye, a kuma wakilta mutum ɗaya amintacce a dangi wanda za a kira idan wani abu ya taso da dare. Matafiyin da ya san gidansa a tsare yake shi ne ke iya tsayawa gaban allo da hankalinsa a jikinsa.

25. Ku sa ranar waya, ku kuma sassauta buƙatu.
Zaɓi lokaci ɗaya tabbatacce, kamar bayan sallar Juma'a da daren Lahadi, kuna tuna cewa agogonku yana gaba da nasa da awa ɗaya, a ba yara su ma su yi magana. Aikin sa-kai ya je yi, ba haƙar zinariya ba, don haka kada 'yan uwa su yi masa layi tun watan farko. In ya kira yana cewa wurin bai yi masa ba, ku saurare shi, ku ƙarfafa masa zuciya, ku ce ya ƙara mako biyu tukuna. Kewa ce ke magana, kuma tana wucewa.

Ranar da ka cika kwana 40, ɗauko ɗan littafin nan ka karanta daga shafin farko. Ni da na buɗe nawa, na tarar maƙwabcin da na rubuta cewa ba ya son baƙi shi ne wanda ya riƙa aiko mini da abincin rana, ajin da na ce ba sa magana kuwa su ne suke tare ni a bakin ƙofa da tambayoyi. Garin bai canza ba, idona ne ya buɗe. Kai ma naka zai buɗe in ka ba shi lokaci, kuma idan Tobaski ta zo, wato Babbar Sallah, za ka rasa gidan da za ka fara amsa gayyatarsa. Allah ya kai ka lafiya, ya sa albarka a allinka, ya dawo da kai ka tarar da iyali cikin alheri.